Ishaku, Kafin Ka Nemi Ƙwaƙwalwar Babanka

Unguwar Television,
Kaduna.

Ɗana Ishaku,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah da ya buɗe maka wannan hanyar karatu a Turai ya tsare gabanka da bayanka, ya kiyaye ka a mota daga nan zuwa Legas, ya kiyaye ka a jirgi, ya sauke ka a hannun mutanen kirki. Amin.

Kada ka yi mamaki don bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka amma na ɗauki biro. Tun ranar Lahadi nake ƙoƙarin yi maka magana da baki, ba ka bari na kai ƙarshe. Ina buɗe baki sai ka ce, "Mama, ba ki gane ba ne," ka jawo takarda ka hau zana mini ƙwaƙwalwa. Na koyar da yara a firamare har na yi furfura, ban taɓa haɗuwa da ɗalibi mai katse malami irinka ba. Takarda dai ba ka iya katse ta. Ka karanta ta yau a gidan nan, kada ka ajiye sai cikin jirgi.

Bari in tuna maka abin da ka yi, don na lura har yanzu ba ka ga laifinka ba. Baba Bitrus, ƙanin babanka, ya taso takanas daga Romi bayan sujada don ya sa maka albarka. Na tuƙa tuwon acca saboda shi. Babanka na zaune a kujerarsa ina ba shi a baki. Bitrus ya tambaye ka cikin fara'a, "To ɗana, wai me za ka je ka karanto mana ne?" Da ka ce aikin asibiti ne, da an wuce wurin. Amma ina! Sai da ka bayyana masa yadda ake yanko ƙwaƙwalwar mamaci, a niƙa, a tace. Mutum yana cin tuwo fa. Ban gama zare maka ido ba ka ƙara da cewa, "Ko Baba ma, in ya rasu, ina so a cire tasa a bincika, mu san ainihin abin da ke damunsa."

Ka ga yadda Bitrus ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya wanke hannu, ya dube ni ya ce, "Maman Ishaku, abin da kuka tura yaro jami'a ya koyo ke nan? Yayana yana zaune da ransa ana rabon kansa?" Ya ɗauki hularsa ya fita. Kai kuma ka juyo kana tambayata wai me ka faɗa. Haba Ishaku! Wani lokaci nakan rasa ko karatun nan ƙara maka hankali yake yi ko rage maka.

To ka sani, na gane aikinka, na gane shi sarai. Ka ce ciwon mantuwa ba iri ɗaya ba ne, ko da yake a ido duk tsoho ne mai ruɗewa. Ka ce akwai abubuwan da kuke kira furotin, waɗanda jiki ke ƙerawa don amfanin kansa, amma a wasu mutane sukan lalace su dunƙule a cikin ƙwaƙwalwa, kuma kowane ciwo da irin nasa dunƙulen. Ka ce akan ɗauki ɗan yanki a narkar da shi, a bi da shi ta cikin wani abu mai kama da kamu da ya daskare, sai furotin ɗin su rabu layi-layi, mai nauyi a baya, marar nauyi a gaba. Daga yadda layukan suka jeru ake cewa wannan ciwo kaza ne, wancan kaza. Sunayen Turawan da kuka laƙa wa ciwukan ne kawai suka ƙi zama a kaina. Ka ga ina sauraro. Abin da kai ba ka sani ba shi ne yadda na koyi wannan darasi tun kana can makaranta, a kan jikin babanka, ta hanyar da ba na fatan kowa ya bi.

Lokacin da abin ya fara masa, bai daɗe da barin masaƙa a Kakuri ba. Na ɗauka zaman banza ne ke damun mutumin da ya saba da ƙarar inji. Ba mantuwa ce ta fara zuwa ba. Wata rana da hantsi ina tsince shinkafa ya kira ni a hankali ya ce, "Malama, ki kawo wa baƙin nan ruwa." Na ce waɗanne baƙi? Ya nuna doguwar kujera ya ce ga sojoji nan zaune, ƙanana, da hulunansu, ba sa magana. Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Da abin ya yi ta maimaituwa sai dariya ta koma faɗa. Nakan ɗauki tsintsiya in bubbuga kujerar, in zauna a kai da ƙarfi in ce, "Ga ni na zauna a kansu, ina suke?" Sai ya dube ni kamar na yi rashin kunya a gaban manya. Wata rana har kuka ya yi, ya ce a gidansa an mai da shi maƙaryaci.

Na daɗe ina wannan wauta. Na saba da aji, inda yaro zai ce biyu da biyu biyar ne in gyara masa, a wuce. Na yi ta gyara babanka, ban gyara komai ba sai tsoro da na ƙara masa, don yanzu ga sojoji ga kuma mace mai masifa. Ranar da aka rantsar da gwamnatin farar hula, unguwa duk an kunna rediyo, ya sake ce mini suna nan. Gajiya ce ta sa na ce, "To Baban Ishaku, ka gaya musu mulkinsu ya ƙare, 'yan'uwansu duk sun koma bariki, su ma su tashi." Ya juya ya gaya musu da murya irin ta shugaban ma'aikata. Can ya ce, "Sun tafi." Ya ci abincinsa lafiya. Suna dawowa har yanzu, ƙasa duka ta rabu da soja sai falonmu, amma mun san yadda muke sallamarsu.

Ga abin da nake so ka ɗauka a nan. Kai ma halina gare ka, kana son a ce kai ne da gaskiya. Za ka je inda kowa ya yi karatu, wasu sun fi ka. Kuma wata rana za ka zauna gaban dangin mamaci da sakamako a hannunka. Kana iya zama da gaskiya tsantsa, ka faɗe ta yadda mutum zai tashi ya bar tuwonsa, kamar yadda ka yi ranar Lahadi. Ka riƙa duban fuskar wanda kake gaya wa magana kafin ka ƙarasa ta.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, ka san wani sashe nasa, ba ka san yadda aka yi ba. Ka tuna Maman Ladi, maƙwabciyarmu mai sayar da kifi, da surukarta da ke zaune a wurinta. Tsohuwar nan ta manta sunan ɗanta, ta manta ta ci abinci, takan fice ta kama hanya har Trikania wai za ta gona. An kai ta asibiti an ba ta wata 'yar ƙaramar ƙwaya, ta lafa, ta daina fita. Wata rana babanka ya wuni yana kokawa da baƙinsa, ya ƙi zama ya ƙi ci, na fita baya ina share hawaye. Maman Ladi ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, ai ciwonsu ɗaya da Kaka. Ga maganinta, ki ba shi rabi ki huta." Da zuciya ɗaya ta ba ni. Ni kuma, mai takardar koyarwa, na karɓa na ba shi. Na ce a raina mantuwa ai mantuwa ce.

Kafin gari ya waye sau biyu babanka ya sandare kamar itace. Wuyansa ya ƙi juyawa, yawu na zuba, ido a buɗe amma bai san ni ba. Ya yunƙura zai tashi ya faɗi ya fasa goshi. Da taimakon maƙwabta muka sa shi a mota muka haye gada zuwa asibiti. Wata likita, yarinya ce ma a kaina, ta tambaye ni abin da ya sha. Na nuna mata ragowar. Sai ta tambaye ni ko yana ganin mutanen da babu su, ko yakan wayi gari garau wata rana, wata rana kuma a ruɗe, ko tafiyarsa ta koma jan ƙafa. Duk na ce e. Ta ce, "Mama, maganin nan yana kwantar da wasu. Amma masu irin ciwon da nake zaton Baba yana da shi, yana iya kashe su. Kada ki sake."

Na ce, "Zato kike yi, likita? Ba ki tabbata ba?"

Ta ce, "Ban tabbata ba. Alamu ne muke bi. Ba a tabbatarwa sai an duba ƙwaƙwalwar kanta, wannan kuwa sai bayan rai."

Saboda haka in ka tsaya kana yi mini lacca a kan amfanin rarrabe ciwon nan da wancan, ka tuna ni ce na goge jinin goshin. Kaka da babanka katanga ɗaya ta raba su, kowa a unguwa yana cewa abu ɗaya ke damunsu, ƙwayar da ta ba ɗaya barci ta kusa kai ɗaya kabari. Bai ƙara komawa yadda yake kafin ranar ba. Ba na adawa da aikinka, Ishaku. Ina roƙon Allah ya sa ku kai ranar da za a gane bambancin tun mutum yana numfashi, don kada wata mace ta karɓi magani ta katanga.

Shawarata a nan biyu ce. In aka kawo maka yanki biyu masu kama da juna, kada gajiya ko gaggawa ta sa ka ce ai duk ɗaya ne, kamar yadda na ce. Sannan ka koyi faɗin abin da likitar nan ta faɗa. Ban taɓa yarda da wani likita kamar yadda na yarda da ita ba, saboda ta iya buɗe baki ta ce ban tabbata ba. Kai kuwa tun da ka dawo daga bautar ƙasa ban ji wannan kalma a bakinka ba ko sau ɗaya. Har yadda ake dama kunu ka fi ni sani.

Yanzu maganar Bitrus. Na ji kana gaya wa abokinka a waya wai jahilci ne ke damun ƙanin baban naka. Kul, kada in ƙara ji. Fushin Bitrus da hannuna a ciki. Da ciwon ya fara, ɓoyewa na yi. Babanka dattijo ne a coci, shi ke karanta sanarwa. Na ji kunyar a ce ya fara ganin abin da babu, don na san abin da bakin mutane zai ce. Sai na riƙa cewa hawan jini ne, zazzaɓi ne, yana hutawa. In Bitrus ya zo, in ya tarar da ranar kirki ce su sha hira, in ranar ruɗewa ce in ce yana barci. Da haka har ranar da ya shigo ba sallama ya tarar da yayansa yana ba kujera umarni.

Sa kanka a matsayinsa. A wurinsa, jiya-jiya yayansa lafiya lau, yau ga shi haka. Me zai ce in ba hannun maƙiya ba? Ya ɗauke shi a kan dole ya kai shi wani gidan addu'a a bayan gari, aka sa tsoho mai ciwo azumi, ya dawo mini a rame. Na yi masifa har muryata ta dushe. Bitrus ya ce mini, "Da kin gaya mini tun farko, da tare muka je asibiti. Kin mai da ni baƙo a ciwon ɗan'uwana." Gaskiya ya faɗa. Da ƙyar muka shirya, da ƙyar ya fara yarda cewa ciwo ne kamar kowane ciwo. Ana cikin wannan lallaɓawa ka zo ka ce a cire kai. Mutumin da kullum yake jin labarin masu satar sassan jikin mutane, wanda kuma shi ne zai tsaya gaban dangi a ƙauye ranar da za a kai babanka gida, su tambaye shi ko gawar cikakkiya ce. Ka yi tunanin wannan? Ba ka yi ba. Layukanka kawai kake gani.

Kada ka ɓoye wa mutanenka abu don kana ganin ba za su gane ba. Na gwada, ga inda ya kai ni. Kuma kada ka jefa musu shi kamar dutse. Akwai hanya a tsakani, ita ce a zauna, a yi bayani, a sake yi, a bar mutum ya yi tambayar da kake ganin ta wauta ce. Kafin ka bar garin nan za ka je Romi. Ba da takarda da biro ba. Ka durƙusa ka ba shi haƙuri a kan yadda ka yi maganar da inda ka yi ta. In ya zage ka ka yi shiru. In ya huce ya tambaye ka, to sannan ka yi bayani, a hankali, da Hausa, ban da Turancin nan da kake cusawa in ka ga an fara cin ka da gardama.

Kuma ni ma ina da tambayoyin da ba ka amsa ba. Ka ce dole a cire ƙwaƙwalwar da wuri a sa a sanyi mai tsanani. A wane firijin? Da wace wutar? Kifin Maman Ladi ma ruɓewa yake yi a garin nan. Ka ce akwai malaminka a asibitin koyarwa da zai iya shiryawa. Ka yi masa magana, ko a kanka kawai ka shirya? 'Yan siyasa sun yi mana alkawarin wuta, hotunansu na nan manne a bangon makarantarmu, amma ba zan ɗora kan mijina a kan alkawarinsu ba. Ka je ka koyi aikin tukuna. In ka sami amsa ta gaskiya ka rubuto.

A can kuma, kwalaben da za su ba ka, lamba za ka gani a jiki, ba suna ba. Kowace lamba akwai wadda ta ba mai ita abinci a baki, akwai ƙanin da aka sha wahala kafin ya yarda. Kada in ji an ce kuna wasa da dariya a kansu. Ka nemi coci, ka sayi rigar sanyi ta kirki kada ka tsaya ƙyashi, ka ci abinci mai zafi. Ka rubuto wasiƙa da manyan baƙaƙe yadda zan karanta wa babanka.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi ba ni haushi a cikin duka. Kai da Bitrus kun yi ta ja a kan mutum, kai kana cewa a cire, shi yana cewa ba a isa ba, babu wanda ya juya ya tambayi mai kan. Yana zaune a wurin fa. Ni ma sai da na kwana biyu abin ya faɗo mini.

Jiya da safe, bayan ka tafi karɓo takardunka, ya tashi garau. Ka san irin ranakun nan da yake dawowa kamar ba shi ba. Ya sha kununsa da hannunsa a gindin mangwaro, har ya tambaye ni ko an gyara famfon layinmu. Na jawo kujera na zauna na gaya masa komai, ban rage ba. Na ce ɗanka yana so, in Ubangiji ya kira ka, a ɗebi ƙwaƙwalwarka a duba a san sunan ciwon nan, ƙaninka kuma ya ce sam.

Ya ajiye kofinsa. Sannan ya ce, "Ishakun ne zai buɗe da hannunsa?"

Na ce a'a, ya ce ba a barin ɗa ya yi, manyansa ne za su yi.

Ya ce, "To da sauƙi. Yaron da ya kwance mini rediyo ya kasa mayarwa."

Na yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba. Ya ce, "Malama, a masaƙa in inji ya tsaya ba ma jefar da shi sai mun buɗe mun ga abin da ya ci, saboda sauran injunan. In zai hana a ba wani abin da aka ba ni, su duba. Bitrus kuma a bar ni da shi, ƙanina ne. Ki kira shi ranar da nake nan." Haka ya faɗa, ranar da nake nan. Ashe ya san yana tafiya yana dawowa. Duk tsawon lokacin nan ina tsammanin ni kaɗai na sani.

Kafin la'asar ya koma, yana tambayata wane ne saurayin da ke ta haɗa kaya a ɗakin baya. Don haka kada ka ɗauki maganar nan ka ruga Romi da ita kamar ka ci zaɓe. Ban ce an gama ba. Zan sake tambayarsa wata ranar da ya dawo, a gaban Fasto da Bitrus, ya faɗa da bakinsa su ji. In ya maimaita, zan tsaya a kai ko duk ƙauye za su taso mini. In ya canza, an rufe maganar, kuma ba na son jin ƙorafi daga Turai.

Kai dai ga naka aikin kafin tafiyarka ranar Juma'a. Sumar babanka ta yi yawa, gemunsa ya cika. Ya daina yarda da wanzami, ni kuma ya ce hannuna na rawa. Na sayo sabuwar reza tana kan taga. Gobe da hantsi, in rana ta yi ɗumi, ka fito da kujera tsakar gida, ka ɗora masa tawul, ka yi masa aski da kanka. Kada ka yi masa bayanin komai, kada ka gyara masa magana, ko ya kira ka da sunan wani ka amsa. Ka yi a hankali wajen tabon goshin. Ban san abin da za ka tarar ba ranar da za ka dawo. Ka riƙe kan nan da hannuwanka biyu tun mai shi yana ciki.

Ubangiji ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sanyin ƙasar da sharrin mutanenta, ya ba ka hannu mai natsuwa da baki mai taushi. Ya tsare mu da muka rage a gida, ya sake haɗa fuskokinmu. Amin.

Ni ce mamarka,
Rahila.